Daren da na zauna jiran wanda ya ruga waje

Tun muna firamare aka koya mana cewa “run” gudu ne. Malam ya zana yaro a allo, ƙafa ɗaya a sama, muna bin sa da baki: “run”, gudu, “run”, gudu. Da wannan na gama sakandare, da shi na shiga koyon gyaran kwamfuta, ban taɓa kawo wa raina cewa akwai saura ba.

Sai da aka kwantar da Inna a asibiti na san akwai saura. Damina ce, zazzaɓi ya kayar da ita, aka ce ni zan kwana da ita tunda ni ne ɗan bokon gidan. Likitan da ke aikin dare ba ya jin Hausa. Ya taɓa goshinta, ya duba abin awon zafi, ya ce da ni, “She is running a temperature. We have to run some tests.” Na ji “run” har sau biyu a bakinsa, alhali Inna ko zama ba ta iya yi, balle gudu. Amma na kama kalmar zafin jiki da ta gwaji, na haɗa su, na wuce wannan. Bayan an ɗebi jini aka rubuta mini allura, na tafi tagar ɗakin magani na miƙa takarda. Mutumin ya duba, ya turo mini ita, ya ce, “We've run out,” ya juya ga na bayana.

Abu biyu kunnena ya riƙe: gudu da waje. Na ɗauka mai ba da wannan allurar ne ya ruga waje, yanzu zai dawo. Na samu benci na zauna, takarda a hannu, ina kallon ƙofa. Na kai wajen minti arba'in a nan. Wata dattijuwa da ke jinyar jikanta, wadda ta ga zuwana, ta dawo ta same ni inda ta bar ni. Ta ce, “Ɗan nan, me kake jira har yanzu?” Na faɗa mata. Ta ce, “Ai cewa ya yi ta ƙare. Tashi maza ka je kemis na bakin titi kafin su rufe.” Ita ba ta yi boko ba, amma ta sha jin maganar a wannan taga har ta san abin da ke biyo bayanta.

Inna ta warke, alhamdu lillahi. Amma minti arba'in ɗin nan sun tsaya mini a rai. Tana kwance jiki na rawa, ni kuma ina zaune a benci saboda kalma mai harafi uku da nake ganin na gama saninta tun ina yaro.

Da muka koma gida na sayi littafin rubutu mai falle arba'in, na rubuta RUN a bangonsa. Doka ɗaya na kafa wa kaina: duk inda na ji ko na ga kalmar, in rubuta jimlar gaba ɗaya, da wanda ya faɗe ta, da abin da ke faruwa a lokacin. Fassara kuma sai daga baya. Wannan dokar ce ta fi komai amfani, ko da yake a lokacin ban san haka ba.

Shagonmu kaɗai ya cika mini shafuka. Ashe kullum da ita nake aiki ban lura ba. In ka danna madannin Windows da harafin R tare, ɗan akwatin da ke buɗewa sunansa “Run”. In za ka saka manhaja, ka zaɓi “Run as administrator”. Na danna wannan ya fi a ƙirga, hannuna ya san aikinsa, amma ban taɓa tsayawa na tambayi wa ke gudu ba. Waya ta rubuto “storage space running out”, wato wurin ajiya ya kusa cika. Maigidana ya leƙo ya ce “is the gen running?” yana nufin janareta na aiki ko a'a. Wata mata ta kawo kwamfutar ɗanta tana ba da haƙurin latti, ta ce “I'm running late.” A rediyo kuwa, lokacin ana shirin zaɓen 2023, kullum sai an ce wane “is running for president”, wane ne “running mate” ɗinsa. Daga baya na lura mutanen Ingila sukan ce “stand for” a wannan wuri, kamar yadda mu ma muke cewa ya tsaya takara, 'yan Amurka ne suka fi son gudun.

Bayan sati uku littafin ya fara ba ni tsoro. Kowace jimla da tata ma'ana, kuma ban ga ƙarshensu ba. Na je na bincika, abin da na tarar ya ƙara karya mini gwiwa. A babban ƙamus ɗin Turanci na Oxford, bugun 1989, kalmar “set” ce ke kan gaba da ma'ana 430. Da aka sake aikin “run” aka fitar a 2011, sai aka samu ma'ana 645, a matsayinta na aikatau kawai. Peter Gilliver, wanda ya yi aikin, ya shafe fiye da wata tara a kan wannan kalma guda. Na rufe littafina na ce, in masu harshen ma sai da suka yi wata tara, ni ina zan kai?

Kawuna tela ne, ƙanin Inna, shagonsa na kusa da namu, can nakan ci abincin rana. Ya ga ina juya littafin ba walwala, ya tambaye ni. Na ce, “Kawu, Turanci ba shi da tsari. Kalma ɗaya, ma'ana ɗari shida da wani abu. Ta yaya mutum zai haddace?”

Bai ɗaga ƙafa daga kan keke ba. Ya ce, “To kai, ci nawa ka sani?”

Na ce ban gane ba.

Ya ce, “Yanzu me kake yi?” Na ce ina cin abinci. Ya ce, “Bara da ka ci jarrabawa, da miyar me ka ci ta? Wanda ya ci amanar abokinsa, ya ƙoshi? Kasuwar Wudil da ke ci ran Juma'a, me take taunawa? Wancan ya ci bashi, wannan ya ci riba, an ci wane tara, wane ya ci sarauta, amarya ta ci ado, wuta ta ci rumfa, an ci mutuncin dattijo. Rigar nan da nake ɗinkawa ta ci yadi biyar. Wa ya zaunar da kai ya ba ka haddar waɗannan?”

Na yi shiru. Ya ƙara da sha: sha ruwa, sha wahala, sha iska, sha alwashi, sha kaye, “na sha gaya maka”. Sannan ya yanke zare ya ce, “Ba ci ɗin kake saurara ba, ɗana. Abokin tafiyarsa kake saurara.”

Daga baya na buɗe ƙamus ɗin Hausa na wani Bature, Bargery, na 1934 na duba ci, na ga irin wurin da ya cinye a shafi, na tuna cewa shi ma Baturen haka ya zauna da littafinsa yana tattara namu ɗaya bayan ɗaya. Amma a ranar, maganar Kawu kaɗai ta ishe ni. Na koma gida na sake bin littafin daga farko, wannan karon ina ja wa abin da ke gefen kalmar layi, ba ita kanta ba. Nan take jimlolin suka fara neman 'yan uwansu.

Da yawa cikinsu maganar ruwa ce. Famfo “is running”, hancin yaro “is running” in yana zubar da majina, ƙarin ruwan da aka ɗaura wa Inna nas ta ce a bar shi ya yi “run”, atamfa in tana zuba a wanki launinta ne ya yi “run”. Wannan bai ba ni wahala ba, domin mu ma muna cewa ruwa mai gudu, kogi yana gudana. Har ciwon da muke kira gudawa, Turawa a maganar gida suna ce masa “the runs”. Da na ga haka sai na ji harshen ya matso kusa da ni. Kuma a nan na gane abin da ya faru da ni a tagar magani. Ka ɗauki randa mai huji: ruwa na gudu yana fita har ta bushe. “Run out” ke nan. Abin ya tsiyaye, babu saura. Ba mutum ne ya fita ba, kayan ne suka ƙare. Fetur, kuɗi, lokaci, haƙuri, duk haka suke ƙarewa a Turanci.

Daga ruwa sai inji. Abin da ke tafiya bai tsaya ba, ko da yana kafe a wuri ɗaya, Bature na ganin gudu yake. Janareta, firji, injin markaɗe, manhaja a cikin kwamfuta. Ina ganin dalilin da ya sa kalmar ta yi ta haihuwa ke nan, domin duk sabuwar na'urar da ta shigo, daga jirgin ƙasa zuwa wayar hannu, sai ta zo da nata “run”.

Wurin da na fi daɗewa shi ne inda wani abu ya biyo bayan kalmar kai tsaye. “The shop runs well” daban, “he runs the shop” daban. Na farko shagon ne ke tafiya daidai, na biyu mutum ne ke tafiyar da shi. Mu a Hausa muna sauya siffar aikatau ɗin don a ji bambancin: fita da fitar da, tsaya da tsayar da, tafi da tafiyar da. Turanci ba ya sauya komai a nan, sai dai ka duba ko akwai abin da aikin ya faɗa wa. Ina cikin rubuta wannan sai na tsinci kaina na rubuta “gudanar da”. Na tsaya ina kallon kalmar. Gudanar da mulki, gudanar da taro, gudanar da bincike, gudanar da gwaji. Ga gudu nan zaune a cikinta, kullum a bakin masu labarai, ban taɓa jin sa ba. Abin da likita ya ce a daren nan, “run some tests”, da Hausar rediyo za a ce a gudanar da gwaje-gwaje, kusan kalma da kalma.

Ba ko'ina suke haɗuwa ba, kuma wannan ma darasi ne da na koya da kuskure. Da na ga sun yi kama sai na fara tura kowane gudu namu cikin Turanci. Na rubuta wa wani abokin ciniki saƙo ina so in ce ina gudun kada bayanansa su ɓata, na sa “I am running”, ya kira ni yana tambaya ina zan je. Gudun da muke yi na tsoron faruwar abu, irin gudun abin kunya ko gudun ɓacin rai, ba ya shiga “run” haka nan. Wani wurin kuma su suna gudu, mu muna ci: “I ran into him at the market”, na ci karo da shi a kasuwa. “Run over” mota ce ta take mutum. “It runs in the family” abu ne na gado, yana bin jini. “The road runs from Kano to Zaria” hanya ce ta miƙe daga nan zuwa can, ba ta motsa ko taku ɗaya ba. Waɗannan ba a gano su da lissafi, sai dai ka riƙe kowanne da abokin tafiyarsa, kamar yadda yaro ke riƙe “ci gaba” ba tare da ya raba ta biyu ba.

Akwai kuma namu na gida da ƙamus ɗin makaranta bai kawo ba. In ɗalibi a Najeriya ya ce ana “runs” a jarrabawa, maganar satar amsa da cuwa-cuwa yake yi. Na rubuta shi a shafin ƙarshe, na sa masa alama don kada in kai shi inda bai dace ba.

Ina jin haushin yadda aka koya mana, ba zan ɓoye ba. Ba laifin malaminmu na firamare ba ne, yaro dole ya fara da ma'ana ɗaya. Amma a ce mutum ya yi shekara goma sha biyu a aji, ya haddace “run, ran, run”, ya ci jarrabawa da ita, ba wanda ya taɓa ce masa kalmomin da ya fi raina su ne suka fi zurfi? Muna ta farautar dogayen kalmomi don a ce mun iya, alhali waɗanda za su tare ka a asibiti da banki da tasha su ne “run” da “get” da “take” da “put”. Yanzu yara biyu ke koyon aiki a hannuna. Ranar farko nakan ba kowannensu littafi, in ce ya rubuta mini ci guda ashirin kafin la'asar. Ba wanda ya taɓa kasawa. Washegari sai mu buɗe shafin “run”.

Watannin baya na mayar da Inna ganin likita. Aka duba takardar gwajinta, nas ta ce sakamakon bai fito sosai ba, “we'll run it again.” Inna ta dube ni. Na ce, “Inna, za su sake gwajin ne, ba wani abu ba.” Ta gyara mayafinta, ta miƙa hannu aka ɗaura mata roba.