Wasiƙa daga Tulus ta Faransa: Abin da Tauraron Ɗan'adam Yake Gani a Fadamarmu

Assalamu alaikum iyayena, yayyena da ƙannena na Birnin Kebbi, Argungu, Jega, Yawuri da Zuru. Ya ruwa, ya gona? Doguwar gaisuwa sai mun haɗu, domin tambayoyinku sun taru, kuma kusan iri ɗaya ne: yaya ake harba tauraron ɗan'adam, me ya sa ba ya nuna maɓoyar 'yan bindiga, kuma Starlink, intanet ɗin nan ta tauraron ɗan'adam, ya ci kuɗinsa? In wuri ya rage zan taɓo sharar da ke sararin samaniya.

Roka gudu take nema fiye da tsawo. Kilomita 400 sama bai kai tafiyar Birnin Kebbi zuwa Kano ba, kuma in ka kai abu can ka sake shi, faɗowa zai yi kamar dutse. Sai ya sami gudun kilomita 7.8 a daƙiƙa ɗaya a gicciye, kusan 28,000 a awa, sannan zai riƙa kewaya duniya cikin kamar minti 90. Shi ya sa roka take miƙewa sama, sannan ta karkata. Rokar Falcon 9 ta Amurka tsawonta mita 70, nauyinta tan 549 lokacin tashi, kuma wajen kashi 90 cikin 100 mai ne: tataccen kananzir da iskar oksijin da aka sanyaya har ta zama ruwa. Injuna 9 ke ɗaga ta. Bayan minti biyu da rabi ɓangaren ƙasa ya gama aikinsa ya rabu, na sama ya kunna nasa injin, a yar da murfin da ya kare tauraron daga iska. Yawanci gabas ake nufa don a ci ribar juyawar duniya, wadda ta kai kilomita 1,670 a awa a tsakiyarta. Dalilin ke nan Turawa ke harbawa daga Kuru a Giyana ta Faransa, kusa da tsakiyar duniya.

Abin da ke ɓata aiki sau da yawa ƙarami ne. A Yulin 2013 rokar Proton ɗauke da taurarin GLONASS uku, wato GPS ɗin Rasha, ta kife a tashar harbawa ta Baikonur, saboda an ɗaura na'urorin auna juyawarta a birkice. A Agustan 2014 taurarin Galileo biyu, wato GPS ɗin Turai, sun sauka a falakin da ba nasu ba, don bututun mai ya daskare. Namu tauraron sadarwa NigComSat-1 ya tashi lafiya daga Sin a Mayun 2007, ya mutu a Nuwamban 2008 saboda matsalar fikafikan sola.

Amma abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya takardu ne. Tauraron da farantin gidanku ke kallo yana kilomita 35,786 a saman tsakiyar duniya, inda kewayensa ya yi daidai da juyawar ƙasa, sai ya zama kamar a tsaye yake. Wannan zobe ɗaya ne tak, kowa can yake neman wuri. Kamfani ba ya nema da kansa, sai gwamnatin ƙasarsa ta shigar da buƙata ga hukumar sadarwa ta duniya, ITU, a Jeniba, ta faɗi gurbi da zangon sadarwar da take so. Daga nan a shiga sasantawa da duk ƙasar da tauraronta ke kusa, ɗaya bayan ɗaya, kada siginar wani ta shiga ta wani. Wasiƙa ta je, lissafi ya dawo, a gyara, a sake aikawa. Wa'adi shekara bakwai ne daga ranar shigar da takarda: in ba ka kai tauraro gurbin ya zauna kwana 90 ba, buƙatarka ta faɗi. In ya mutu, shekara uku gare ka ka maye gurbinsa. Ga inshora, ga izinin fitar da kayan, ga rajista a Majalisar Ɗinkin Duniya. Ƙera tauraron ma kan ci wajen shekara uku. Kun san gonar aro a fadama: wanda ya bar ta ba noma, wani ake ba. NigComSat-1R da aka harba ranar 19 ga Disamba 2011, wanda ke digiri 42.5 gabas, an tsara shi ne ya yi shekara 15. Ku yi lissafin da kanku, in ɗan majalisarku ya zo gida ku tambaye shi ina maganar magajinsa ta kwana.

Maganar daji kuwa, na san da zafin rai ake yin ta, kuma zafin namu ne duka. Tauraron da ke tsaye wuri ɗaya ya yi nisa, gajimare da hadari yake gani. Mai ɗaukar hoton ƙasa dalla-dalla kusa yake, amma ba ya tsayawa: cikin kamar minti ɗaya ya wuce jihar. Sentinel-2 na Turai yana kilomita 786, yana bi ta kanmu da hantsi, sau ɗaya a kwana biyar, kuma ɗigo ɗaya a hotonsa fili ne mai mita 10 kowace kusurwa. Babur ba zai fito ba. NigeriaSat-2 da aka harba a Agustan 2011 ɗigonsa mita 2.5 ne. Na kasuwa mafi kaifi suna kai santimita 30, amma siririn yanki suke ɗauka, sai an yi oda an biya, kuma ba sa ratsa ganyen itace ko gajimaren Agusta. Hoto na iya nuna sabuwar bukka, hanyar da aka tattake, ƙauyen da aka ƙona. Bin mutum sawu da sawu aikin jirgi marar matuƙi ne da labarin mutanen gari.

Inda yake da amfani nan take, fadama ce. Hotunan Sentinel kyauta ne ga duk wanda ya yi rajista a shafin intanet na Copernicus, shirin Turai mai kula da su. Ganye mai lafiya yana mayar da wani haske da ido ba ya gani, na'urar kuwa tana gani, don haka ana gane gefen da shinkafa ke jin ƙishi ko yunwar taki. Sentinel-1 da rada yake aiki, dare da rana, ko da hadari, shimfiɗaɗɗen ruwa kuma baƙi yake fitowa a hotonsa. Ambaliyar 2020 da ta cinye shinkafar Kebbi irin abin da ake iya zana iyakarsa ke nan, gona gona. A nan ƙungiyoyin manoma na amfani da irin waɗannan hotuna. Ƙungiyar manoman shinkafa ta Suru ko Augie ba ta buƙatar roka, ɗalibi ɗaya daga jami'ar Aliero da kwamfuta da data sun isa a fara.

Masu tsoron GPS, ku kwantar da hankali. Taurarinsa suna kilomita 20,200, lokaci da inda suke kawai suke shelantawa, wayarka ta saurari aƙalla huɗu ta lissafa inda take. Ba su san da kai ba, sai in wata manhaja ce ta aika labarinka ta intanet. Kuskuren waya a fili yakan kai mita 3 zuwa 5. Ya isa a ƙiyasta girman gona don sayen taki, amma kada a raba gado ko rikicin iyaka da shi, a kira mai awon ƙasa.

Starlink taurarinsa suna kusa da ƙasa, ya fara aiki a Nijeriya a Janairun 2023. Farantinsa yana son sarari ba inuwar darbejiya, da wutar da ba ta yankewa, don haka ku sa kuɗin sola da batir cikin lissafi kafin ku saya. Sharar samaniya sai wasiƙa ta gaba in Allah ya kai mu. A gaida mutanen gida.