Gawar da ban ƙona ba

Wasan bidiyo na ban tsoro Resident Evil 4 na 2005 ne ya ɓata ni. A can in ka harbe abokin gaba, sau da yawa sai ya bar maka harsashi ko kuɗi, ka je gaban tafireta ka adana wasanka sau nawa ka ga dama. Da wannan ɗabi'ar na ce bari in koma tushe, in bi jerin daga farko.

Na asali, wanda Capcom ta fitar a 1996 a kan PlayStation ƙarƙashin Shinji Mikami, wanda a Japan ake kira Biohazard, na gama shi lafiya lau. Sai girman kai ya shige ni. Na kama wanda aka sake ginawa a 2002 don GameCube ina cewa ai gidan nan na Spencer, inda wasan ke gudana, na san shi ciki da waje. Cikin jarumai biyun da ake zaɓa, na zaɓi Chris, mai gurbi shida kacal a jaka, alhali Jill tana da takwas. Da na tsinci gorar kananzir sai na jefa ta cikin akwati, wai kada ta cinye min wuri.

Duk zombin da na tarar a lungu na kwantar da shi. Ban ko tambayi kaina me ya sa gawarwakin ba sa ɓacewa kamar a na 1996 ba. Can da daɗewa na dawo ta wani siririn lungu, da harsashi uku da ganyen magani ɗaya. Wanda na kashe da hannuna ya miƙe, jiki ja wur, farata zaƙo-zaƙo, kuma a guje! Shi ne Crimson Head. Babu shi a na asali. Ni dai a ganina don irinmu masu taƙama da sanin gida aka ƙirƙiro shi. Ga ni mai rowar ribon tawada, wanda sai da shi ake adana wasa a nan, na fi awa biyu ban adana ba. Da ya kashe ni, duk ya tafi a banza.

Abin da ya fi ci min rai, wasan ya gaya min: ko ka fasa kan, ko ka ƙona gawar. Ni ne ban karanta takardar da kyau ba. Kananzir ɗin ma ba ya isar kowa, gora ɗaya gawa biyu, don haka wanda ba ya kan hanyarka ka kauce masa kawai.

Daga baya na gano wannan ƙuncin kayan gado ne daga Sweet Home, wasan na'urar Famicom ta Nintendo na 1989 da Tokuro Fujiwara ya jagoranta, inda kowa ke ɗaukar kaya kaɗan. Na 2, na 3, har na 7 da ya fito a 2017, na wuce su ba tare da irin wannan asarar ba. Amma har yau in na ga gawa a ƙasa sai na zagaye ta.

Na 2002 kuwa da Jill na sake farawa, gora na cikin jaka tun daga ɗakin farko da na same ta.