Talata, ranar awo, gobe kuma jarrabawa

Ƙarfe goma saura na dare, an ɗauke wuta, da fitilar waya nake rubutu. Gobe da safe akwai jarrabawar lissafin ƙididdiga, kuma abin da malam ya nanata zai fito shi ne nomal distiribushan, wato zanen nan mai siffar tudu da ke nuna yadda awo ke taruwa a tsakiya yana raguwa ta gefe biyu. Mako uku ina haddace shi kamar karatun aku, sai yau ya zauna mini a kai, kuma ba a aji ba.

Da safe na tafi ƙaramin asibitin da aka tura mu koyon aiki. Talata ranar awo ce da rigakafi, kafin ƙarfe takwas benci ya cika da mata da goyo. Anti mai kula da mu ta ɗora ni kan allon auna tsayi. Yaron da bai kai shekara biyu ba a kwance ake auna shi, wanda ya kai kuma a tsaye, domin awon kwance yakan fi na tsaye da kusan santimita 0.7. Ban taɓa zaton ɗan wannan bambanci zai dami kowa ba, amma Anti ba ta wasa da shi.

Wajen sha ɗaya wata tsohuwa ta kawo jikanta, ya cika shekara biyu cif bisa katinsa. Yaro ne mai ƙiriniya, ya ƙi tsayawa. Na auna, na samu 79.8. Anti ta ce in sake. Na samu 80.2. Ta ce in kuma. Na uku ya ba ni 80.0. Na ji kunya, na ce ko allon ne ya lalace. Ta ce, "Allo lafiyarsa lau. Ke dai daidaita masa duga-dugai, ki rubuta tamanin."

Ta jawo jadawalin Hukumar Lafiya ta Duniya da ke manne a bango. Namiji ɗan wata 24, a tsaye, matsakaicin tsayi santimita 87.1. Layin da aka rubuta -2 a kansa yana kan 81.0. Yaronmu yana ƙasa da layin. Anti ta juya ga tsohuwar ta ce, "Iya, me yake ci a gida?" Tsohuwar ta ce koko da tuwo, sai shayi in an samu. Ta ƙara da cewa ai ubansa ma gajere ne, gado ne. Anti ba ta musa mata ba, ta dai yi mata bayanin ƙwai da wake da ƙuli-ƙuli da zogale a cikin abincin yaro, ta ce su dawo bayan wata ɗaya.

Ni kuwa idona yana kan -2 ɗin nan. Shi ne fa makin z da ke cikin littafina, lambar da ke faɗin taku nawa awo ya yi nesa da matsakaici. Sai yau na haɗa su.

Da na dawo gida bayan la'asar na tarar da Umma tana sheƙe gero a tsakar gida, Yaya kuma ya dawo daga makarantar da yake koyar da lissafi, yana zaune kan tabarma yana duba takardun ɗalibai. Na ba shi labari, na ce ina so in lissafa yara nawa cikin ɗari ne za su kai gajartar wannan yaro in duk lafiyayyu ne. Ya ce, "To auta, kawo biro. Mene ne sigma ɗinki?"

Ban sani ba, amma jadawalin ya riga ya faɗa. Daga 87.1 zuwa 81.0 santimita 6.1 ne, kuma tunda layin -2 ne, taku biyu ke nan, don haka taku ɗaya 3.05. Wannan takun shi ne sigma, ma'aunin yadda awo ke bazuwa daga tsakiya. Na cire 87.1 daga 80, na samu -7.1, na raba da 3.05, ya ba ni -2.33. Wato yaron yana taku biyu da sulusi ƙasa da matsakaici. Na buɗe jadawalin z na bayan littafi, nawa irin wanda babu lambobi masu alamar ragi ne, na nemo 2.33, na ga 0.9901, na rubuta shi da ƙarfin gwiwa.

Yaya ya kalle ni ya yi dariya har Umma ta ɗago. Ya ce, "Wato yara 99 cikin ɗari sun fi shi gajarta? Me ya kai shi asibiti to, ai ƙwallon kwando ya kamata a sa shi."

Wannan kuskuren shi ya ci mini maki a gwajin da ya wuce, ga shi na maimaita. Jadawalin z yana ba da faɗin filin da ke ƙarƙashin zanen tudun a hagu da lambar da ka nema, wato kason waɗanda awonsu bai kai lambar ba. Filin da ke ƙarƙashin zanen gaba ɗaya 1 ne, kuma hagunsa da damansa tagwaye ne, abin da ke ƙasa da -2.33 daidai yake da abin da ke sama da 2.33. Sai a cire 0.9901 daga 1, a samu 0.0099. Kusan yaro ɗaya cikin ɗari. Yaya ya ce dokarsa ga ɗalibansa ita ce kada wanda ya taɓa jadawali sai ya zana tudun, ya shafe ɓangaren da ake tambaya da biro. In ɗan wutsiya ka shafe kuma amsarka ta fito 0.99, idonka ma zai gaya maka ka yi shirme.

Ya nuna tsibin geron Umma. Ya ce in dubi yadda ya taru a tsakiya, ya yi ta sirancewa ta kowane gefe, 'yan ƙwayoyi kaɗan ne suka yi nisa har bakin tabarma. Turawa ƙararrawa suke kwatanta zanen da ita, amma ni tsibin ya fi shiga kaina. Ya dai gargaɗe ni cewa kwatance ne kawai, domin tsibi yana da inda ya ƙare, shi kuwa zanen wutsiyoyinsa suna ta matsowa kusa da ƙasa ba sa taɓa ta har abada. A ƙololuwar tudun ne matsakaici yake, nan ne awon tsakiya, nan ne kuma awon da ya fi yawan fitowa, duka ukun wuri ɗaya. In aka yi taku ɗaya hagu da dama an kwashe kashi 68 cikin ɗari, taku biyu kashi 95 da ɗan ɗoriya, taku uku kashi 99.7. Umma ta ce mu bar mata geronta ta gama kafin magariba.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne wannan. Ƙasa da -2, lissafi ya ce 0.0228 ne, yara biyu da ɗan abu cikin ɗari. Ƙasa da -3 kuwa 0.0013, bai kai biyu cikin dubu ba. To in yaran da muka auna yau, da ba su kai hamsin ba, duk suna girma yadda ya kamata, ɗaya ya kamata in gani a ƙasan layin, in ya yi yawa biyu. Wallahi waɗanda na gani sun fi yatsun hannu ɗaya. Na faɗa wa Yaya haka ina jin kamar na gano wani abu babba. Ya ce in bi a hankali, masu zuwa asibiti ba su ne hoton unguwa gaba ɗaya ba, wata uwar ma don ta ga yaron ba ya girma ne ta kawo shi. Gaskiyarsa ne. Amma ban yarda wannan ya share komai ba, tunda yawancinsu allura ce ta kawo su, ba ciwo ba.

Na tambaye shi maganar tsohuwar ta gado, da kuma ko jadawalin asibitin na 'ya'yan Turawa ne aka ɗora mana. Nan ni ce na fi shi sani, don an koya mana: an fitar da shi a 2006, daga awon yaran ƙasashe shida, Burazil, Ghana, Indiya, Norway, Oman da Amurka, yaran da aka shayar da nono kuma suka tashi cikin kulawa mai kyau. Aka ga a shekarun farko girmansu kusan iri ɗaya ne duk da bambancin ƙasa. Saboda haka batun gado ba ya isa ya bayyana cikar ƙasan layin nan. Duk da haka ba zan iya rantsuwa a kan jikan tsohuwar shi kaɗai ba. Yana iya zama shi ne ɗayan nan cikin ɗari da Allah ya yi gajere kuma lafiyarsa ƙalau. Zanen yana magana a kan taro, bai san yaron ba. Shi ya sa Anti ta ce a dawo da shi, a ga ko yana hawa.

Bayan isha Yaya ya shiga tarihi, kamar kullum in ya samu mai saurare. Wai wani Bafaranshe mazaunin Landan, Abraham de Moivre, shi ya fara fito da zanen a 1733 yana lissafin jefa kwabo. In ka jefa sau ɗari, matsakaicin fitowar fuska ɗaya 50 ne, sigma 5, don haka kusan kullum za ka samu tsakanin 40 da 60. Daga baya Gauss na Jamus ya yi aiki da shi a 1809 kan kurakuran awon taurari, har Jamusawa suka sa hotonsa da zanen a tsohuwar takardar kuɗinsu ta mak goma. Da ya ambaci kuskuren awo sai na tuna 79.8 da 80.2 da 80.0 ɗina. Ashe ba ni kaɗai ba ce hannuna ke rawa, masu duban taurari ma sun sha fama. Ya kuma ce kada in ɗauka komai na duniya haka yake rabuwa. Kuɗin shiga ba ya bin wannan zane: a tara mutanen layinmu a zaure, Ɗangote ya shigo ya zauna, matsakaicin arzikin zauren zai tashi sama alhali aljihun kowa bai canza ba.

Kafin ya tafi ɗakinsa ya bar mini tambaya ɗaya. Makin jarrabawa matsakaicinsa 50, sigma 10, kashi nawa ne suka samu tsakanin 45 da 65? Wannan karon na fara da zane, na shafe tsakiyar. Makin z na 65 shi ne 1.5, jadawali ya ba ni 0.9332. Na 45 shi ne -0.5, na nemo 0.5 na ga 0.6915, na cire daga 1 na samu 0.3085. Na cire ƙarami daga babba, 0.6247, wajen kashi 62 cikin ɗari. Na tura masa ta WhatsApp duk da bango ɗaya ne tsakaninmu. Ya turo babban yatsa, ya ƙara da cewa in kwanta.

Cajin wayar saura kashi tara. Na sa kalkuleta da biro biyu a jaka, na ninke jadawalin z a cikin littafi don in ƙara dubawa a adaidaita. Na kuma rubuta a bayan littafin aikina ranar da aka ce tsohuwar ta dawo da jikanta, Talata ce, ina so ya zama ni zan auna shi.