Tumbi yana hagu

Ban shiga karatun likitan dabbobi da son raina ba. Likitan mutane na cika a JAMB, maki bai kai ba, aka tura ni can, na tafi ina gunaguni. Gunagunin nan ya cinye mini kusan rabin shekaru shidan da ake yi kafin a karɓi digirin likitan dabbobi, wato DVM. Ƙannena da kuka samu gurbi bana, ga yadda na yi, don kada ku maimaita.

Shekarar farko babu wani sabon abu, kemistiri ne da fizik da bayoloji tare da sauran ɗaliban kimiyya. A aji biyu ake fara haɗa ka da dabba, ita ma matacciya, an jiƙa ta da famalin, ruwan hana ruɓewa mai sa hawaye da yoyon hanci. Nan za ka sha anatomi, wato ilimin sassan jiki, har ka gode wa Allah, ga fisiyoloji, ga bayokemistiri, ga zaman leƙen tsoka a madubin ƙara girma, ga darasin kiwo. Cututtuka da magunguna sai can gaba. Abokinka na ɓangaren mutane jiki ɗaya yake karanta, kai kuwa ga sa, ga doki, ga akuya, ga kare, ga kaza, kowa da halittarsa. Haƙarƙarin sa 13 ne a kowane gefe, na doki 18. Doki ba shi da matsarmama, kuma ba ya iya amai. Sa da tunkiya ba su da haƙoran gaba a sama, dasashi ne mai tauri. Cikinsu ɗaki huɗu ne, na raƙumi uku.

Duk wannan na haddace shi kamar karatun allo, na zuba a takarda, na ci jarrabawa. Amma ranar fiɗa a baya nake tsayawa da hankici a hanci, in bar masu zumuɗi su riƙe wuƙa. Bayokemistiri kuwa tsofaffin tambayoyi kawai nake bi, ina cewa me ya haɗa makiyayi da waɗannan zane-zanen.

Hutun da na gama aji uku ya faɗo dab da Babbar Sallah. Ragon layyar kawuna, wanda ya yi wata biyar yana turke, ya tsinke igiya da dare ya samu buhun gero a buɗe. Washegari da yamma yana tsaye kai a ƙasa, ciki ya cika, yana cizon haƙora, ga zawo. Kawu ya ce a kira likita. Ni ne likitan. Na rataya abin sauraron ƙirji a wuya, yara na bina, na durƙusa na manna shi a kwiɓin rago na dama, ina ɗaure fuska. Wani dattijo makiyayi da ke maƙwabtaka da mu ya ɗan jima yana kallona, sannan ya ce, a hankali yadda yara ba za su ji ba: "Ɗana, zagayo ta nan. Tumbi hagu yake."

Na san haka, na ma rubuta shi a jarrabawa. Sai dai hannuna bai taɓa sani ba. Da na saba dafa kwiɓin hagu na lafiyayyar dabba, da na san yadda tumbi ke motsawa sau ɗaya zuwa biyu a minti, kuma da na gane cewa na wannan ragon ya tsaya cak. Dalilin tsayawar ma yana cikin darasin da na raina. Ƙananan halittun da ke cikin tumbi ne ke narkar da ciyawa. In hatsi ya yi musu yawa farat ɗaya, masu samar da tsami sai su rinjayi sauran, tsamin ya kashe na kirkin, ya jawo ruwan jiki zuwa cikin tumbi, dabba ta bushe alhali cikinta fal da ruwa.

Kuskuren da ya fi ci mini rai shi ne na biyu. Aka jiƙa kanwa, na karɓe kwalbar don in wanke kunyata, na ɗaga kan ragon sama sosai na tuttula masa. Ya sarƙe, ya yi ta tari. Maƙogwaro da hanyar abinci maƙwabta ne, dabbar da aka danƙare wa kai sama ba ta iya haɗiya da kyau, wannan ma anatomin aji biyu ne. Kafin asuba numfashinsa ya canja, aka yanka shi don kada ya yi mushe. Da mahauci ya farka ciki na ga geron ya kumbura yana tashin tsami, na ga kumfa a maƙogwaro. Kawu bai ce mini komai ba sai "Allah ya sa haka ne mafi alheri." Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

To ku, ranar fiɗa ku matsa gaba ku karɓi wuƙa; warin famalin mako biyu ne ka saba. Ran Asabar ku yi sammako zuwa mahauta. A safiya guda za ku ga cikin dabbobi fiye da na zangon karatu ɗaya, da launinsu na gaskiya: tumbi mai kamar tawul, na biyu mai kamar saƙar zuma inda ƙusa da waya ke maƙalewa, na uku mai ganye-ganye kamar littafi, na huɗu mai santsi wanda shi ne ya yi kama da namu. Za ku ga hantar da tsutsa ta cinye, ku ga tulin leda da ake zarowa daga cikin awakin gari. Ku gaishe da Sarkin Fawa, ku nemi izini, mahauta ba sa rowar sani ga wanda ya girmama su.

Ku je kara ku tsaya kusa da dillali, ku ga yadda yake buɗe bakin dabba ya faɗi shekarunta daga haƙoran ƙasa. Ku koyi kama rago da kayar da sa da igiya, ku saba da sa ma'aunin zafi: zafin jikin saniya wajen digiri 38.5 ne, na kaza wajen 41. Ku kuma riƙe sunayen da masu dabbobin ke kira, domin ba wanda zai zo muku da sunan Latin. Zai ce sammore ne, ko ɓoru, ko kirci, ko harbin daji.

In za ku mahauta ku sa takalmin roba da safar hannu. Tarin fukan shanu da cutar da ke sa su ɓari duka suna kama mutum, kuma mai ƙaramin yanka a yatsa ya fi kowa saurin ɗauka.