Abin da ke shanye batirin kamarar tsaro: yadda na bi sawunsa a gidanmu na Tawa

Yayana yana bida a Abijan, kamar mazan Adar da dama, kuma tun rasuwar mahaifinmu hankalinsa bai kwanta da gida ba. Inna na nan, ga iyalinsa, ga tumaki da ragunan layya a garke. Shi ya sa ya aiko da kamarori uku marasa waya, masu batir a ciki, kowace da ɗan farantin sola. Ɗaya ta ƙofar gida, ɗaya ta garke, ɗaya ta tsakar gida. Ta tsakar gidan Inna ta ce sam, nan mata ke zama babu mayafi, kuma gaskiyarta, don hoton ta intanet yake bi. Sai muka mai da ita zaure.

A jikin kwali an rubuta caji ɗaya yana kai watanni. Ta ƙofar gida ko mako ba ta cikawa, ta garke kuwa kullum manhaja na nuna ba ta kan layi. Yaya ya kira ni cikin dare: "Ƙanena, ba na ganin komai, allo baƙi ƙirin. Lafiya dai ko?" Mutumin da ke nesa da uwarsa, in allo ya yi baƙi, mugun abu zuciyarsa ke fara kawo masa. Wannan ne ya hana ni yin sakaci da maganar.

Duk wanda na gaya wa, amsa ɗaya ce: batirin jabu ne, a sayo wani. Kafin in kashe ko dala, na ciro ta ƙofar gida, na cika ta fal, na ajiye ta a ɗaki kusa da akwatin wifi, fuskarta na kallon bango. Kwanaki suka wuce, cajin da ƙyar ya motsa. Ashe batirin lafiyarsa lau, abin da ke cinye shi a waje yake. Duk mai irin wannan matsala, ina ganin da wannan gwajin ya kamata ya fara.

Irin waɗannan kamarori barci suke yi yawancin lokaci. Abin da ke farke yana gadi shi ne ɗan idon da ke ƙasan gilashi, wanda ke jin motsin abu mai ɗumi. Da ya ji, sai kamarar ta tashi, ta ɗauki bidiyo, ta tura ta wifi, ta koma barci. Kowace farkawa tana cin caji, kuma watannin nan na jikin kwali an lissafa su ne a kan farkawa kaɗan a yini. Da na buɗe jerin bidiyon ƙofar gidanmu, ɗaruruwa na tarar a rana guda: 'yan kabu-kabu, 'yan garuwa, amalanken jaki, almajirai, awakin maƙwabta masu shan inuwar katanga. Titi take kallo, titin kuma ba ya hutawa.

Manhajar tana ba da damar zana iyaka a kan hoto, ka ce nan kaɗai nake so a kula. Na zana, sanarwa ta ragu a salula, amma cajin ya ci gaba da zuba. Dalili shi ne idon jin ɗumi bai san zanen ba. Yana tayar da kamarar tukuna, sai bayan ta farka take duba ko motsin a cikin iyaka yake, lokacin kuwa an riga an ci cajin. Maganin na tsani ne da sukurdireba. Na matsar da ita gefen ƙofa, tsayin mita biyu da rabi, na sunkuyar da kanta har titi ya fita daga ganinta, saura bakin ƙofa da dakali. Hakan ya ƙara mata kaifi ma, domin idon ya fi kama wanda ya gifta ta gabansa a kan wanda ya nufo shi kai-tsaye. Na rage tsawon bidiyo zuwa daƙiƙa 15, na sa tazara tsakanin ɗauka da ɗauka.

Ƙarfin jin motsi kuwa a tsakiya na bar shi. Jikin mutum digiri 37 ne, kuma da azahar a watan Afrilu katanga da ƙasa suna kai hakan har su zarce, sai bambance mutum da bango ya yi wa idon wuya. Wanda ya rage shi can ƙasa don tattalin batir, zai iya samun kamarar da ke cike da caji amma ɓarawo ya wuce ba ta sani ba. Na sa ɗan yayana ya gifta da rana tsaka, ya sake giftawa bayan isha'i, sai da na ga ta kama shi duka biyun na sauko.

Akwai kuma abin da ya fi wuyar faɗa. Yaya kan buɗe kallon kai-tsaye bayan ya tashi daga kasuwa, ya daɗe yana kallon ƙofar gida, kewa ce kawai. Babu abin da ke cin batir kamar wannan, balle da dare da fitilun ganin duhu ke kunne. Na ce masa: "Yaya, don Allah in kewar Inna ce, ka kira ta WhatsApp, ni zan kai mata salular. Kamarar a bar ta ga tsaro." Ya yi shiru, sannan ya ce to.

Ta garke ciwonta daban, ko da yake ƙarshensa ɗaya. Akwatin wifi yana ɗakin Inna, a ƙasa, bayan kabad ɗin da ta jera kwanukanta da tasoshi. Tsakaninsa da garke akwai bangon siminti mai rodi, da rufin kwano, da tankin ruwa. Ƙarfe yana mai da rezo, wato siginar wifi, baya, ruwa yana shanye shi. Na tsaya a garke da salulata na ga tana kamawa, amma wannan ba hujja ba ce, salula ta fi kamara kunne. A cikin saitin manhaja akwai lambar da ke nuna ƙarfin rezon da kamarar kanta ke samu. Daga -50 zuwa -60 lafiya ne, in ya gangara ya wuce -70 an shiga wahala. Tamu tana wajen -78. A irin wannan hali kamara tana zama kamar mai kwaɗa kira daga gona mai nisa: ya yi ta maimaitawa ba a ji, har muryarsa ta dushe. Haka take ta sake tura abin da bai isa ba, ta yanke, ta sake nema, batir na tafiya.

Na ɗauke akwatin na kafa shi sama, kusa da tagar da ke fuskantar garke. Lambar ta dawo wajen -62 ba tare da na sayi komai ba. Sannan na shiga saitinsa na raba sunayen wifi iri biyu da yake fitarwa, na 2.4GHz da na 5GHz. Yawancin kamarorin batir 2.4GHz kaɗai suke kamawa, wanda ya fi 5GHz nisa da ratsa bango, kuma akwatin da ya haɗe su a suna ɗaya yakan rikita su. Wifi na 2.4GHz yana da tashoshi masu lamba, sai na tsayar da shi a tasha ɗaya daga cikin 1, 6 da 11, su ne ba sa hawan juna, na zaɓi wadda maƙwabta ba su cika ba. Kalmar sirrin da aka zo da ita ma na canza.

Saura maganar kuran, wato wutar lantarki. Kamara tana da batir, akwatin wifi ba shi da shi. Da an ɗauke wuta, abin da ba baƙo ba ne a lokacin zafi, dukkansu uku sai su fita daga layi, su shiga lalube, kuma laluben nan caji yake ci. Wani mai gyaran salula a kasuwa ya nuna mini ɗan batir mai bayar da volt 12, wanda ake sa wa tsakanin akwatin da soket. Ya ce: "Malam, wannan ka fi buƙata, ba sabuwar kamara ba." Gaskiya ya faɗa. Wata rana kuma komai na kunne, rezo cike, amma shiru: forfen intanet, wato datar da muka saya, ne ya ƙare. Yanzu in aka ce kamara ta ɗauke, fitilar akwatin nake fara dubawa, sannan in ga ko salula na buɗe intanet ta wannan wifi, kafin in taɓa tsani. Na kuma sa wa kowace katin ajiya, don ko intanet ya yanke ta ci gaba da ɗauka.

Zafin Tawa shi ne abin da takardar cikin kwali ba ta shirya masa ba. Batirin litiyom ba a cajinsa in ya wuce digiri 45, kuma kamarori da yawa suna tsayar da cajin da kansu don kare shi. A Afrilu da Mayu ko a inuwa muna haura 40, to ina ga robar da ke manne da bangon yamma da la'asar? Na taɓa ta garke da hannu, sai da na janye. Farantin yana bayarwa, batir ba ya karɓa, ga zafin yana tsofar da shi da wuri. Wayar farantin tana da tsawo, don haka na mai da kamarar ƙarƙashin rumfa, farantin kaɗai na bari a rana, yana fuskantar kudu, a ɗan karkace kamar digiri 15, daidai da inda garinmu yake a arewacin tsakiyar duniya. Da hunturu ƙura kan lulluɓe shi har ka iya rubutu da yatsa a kai, sai a riƙa goge shi da jiƙaƙƙen tsumma da sassafe kafin ya yi zafi. Kuma duk kamarar da aka ga bayanta ya kumbura, a cire ta nan take, kada a sake sa mata caji, tana iya kamawa da wuta.

Ta garke da ta zaure yanzu sola na riƙe su ba tare da na sauko da su ba. Ta ƙofar gida ta samu sauƙi sosai, amma ƙofar gidan da yara da baƙi ke shiga da fita tun asuba ba wurin kamarar batir ba ne. Daga baya na huda bangon zaure na ja mata wayar caji ta dindindin, na haɗa ta da batirin da ke riƙe akwatin wifi, ta wurin da ke bayar da volt 5.