Fayil ɗin da na raɗa wa suna email.py

Aikin ba shi da girma. So nake in rubuta ɗan shiri da Python wanda zai riƙa aika saƙon tunatarwa ta imel kowace safiya. Na buɗe sabon fayil, na raɗa masa suna email.py, don a ganina babu sunan da ya fi dacewa da shi. A layin farko na sa ya buga "an fara", a na biyu na rubuta import smtplib, wato modul ɗin (fayil ɗin shiri da ake shigo da shi da import) da ke zuwa tare da Python don magana da sabar imel. Sauran aikin na ajiye shi ƙarƙashin if __name__ == "__main__", sashen da ke gudana kawai idan fayil ɗin aka kunna kai tsaye.

Ina kunna shi sai ga saƙon kuskure: No module named 'email.utils'; 'email' is not a package. Ni kuwa ban rubuta email.utils a ko'ina ba. Na ɗauka Python ɗin ne ya lalace, na cire shi na sake girkawa, abin bai canza ba. Sai da na tsaya na karanta allon tun daga sama, na ga "an fara" ya fito sau biyu. Shirin da na kunna sau ɗaya, me ya sa ya yi magana sau biyu?

Wannan tambayar ce ta sa na zauna na bi yadda import ke neman abu. Da farko Python yana duba sys.modules, wata ma'ajiya da ke riƙe da duk modul ɗin da aka riga aka loda. Idan sunan yana ciki, magana ta ƙare, ba ya ko taɓa faifai. Idan babu, sai ya duba waɗanda aka gina a cikin jikinsa, irin su sys. Daga nan ne yake komawa kan sys.path, jerin foldodi ne kawai, yana bin su ɗaya bayan ɗaya, wanda ya fara samu shi ne nasa. Kuma a kan gaban jerin akwai foldar da fayil ɗin da ka kunna yake zaune. Bayanta sai abin da ka sa a PYTHONPATH, sai modul-modul na asali da Python ya zo da su, sai site-packages inda pip, shirin girka kayan Python, ke sauke kaya.

To ashe smtplib shi ma yana buƙatar wani ƙunshi na asali (package, wato folda mai ɗauke da modul-modul) mai suna email. Da ya nema, Python ya duba ma'ajiya bai gani ba, domin fayil ɗina an yi masa rajista da sunan __main__ ne, ba email ba. Ya shiga foldar farko, ya tarar da email.py nawa, ya ɗauka shi ake nema, ya sake gudanar da shi. "An fara" na biyu ke nan. Sannan ya nemi utils a cikinsa, alhali fayil ɗaya tilo ba ƙunshi ba ne, ba shi da __path__ da za a bi a shiga ciki. Saƙon kuskuren gaskiya ya faɗa tun farko, ni ne ban san tsarin neman ba.

Na canza sunan zuwa aika.py, nan take ya yi aiki. Mutane kan ce a goge fayil ɗin pyc ma, wato kwafin da Python ke sarrafawa ya ajiye don saurin lodawa, amma wannan shawara ta zamanin Python 2 ce. A Python 3, abin da ke cikin __pycache__ ba a kula shi idan asalin fayil ɗin ba ya nan.

Bayan wasu makonni aikin ya girma, na raba shi. Na yi folda mai suna tunatarwa, na sa mata __init__.py, na zuba aika.py da jadawali.py a ciki. A cikin aika.py na rubuta from . import jadawali, inda ɗigon ke nufin ƙunshin da fayil ɗin ke ciki. Da na buga python tunatarwa/aika.py, sai ya ce attempted relative import with no known parent package. Nan na yi abin da ba zan ba kowa shawara ya yi ba: na mayar da layin ya koma from tunatarwa import jadawali, na liƙa sys.path.append da cikakken adireshin foldar da tunatarwa ke ciki a saman fayil. Ya yi aiki har ranar da na kai shirin wata kwamfuta, inda wannan adireshi bai wanzu ba.

Gyaran na gaskiya bai wuce canza yadda nake kunna shi ba. Idan ka ba Python adireshin fayil, bai san fayil ɗin ɗan wani ƙunshi ba ne, don haka ɗigon nan ba shi da uwar da zai koma wa. Idan kuwa ka tsaya a foldar da ke sama ka buga python -m tunatarwa.aika, foldar da kake tsaye ce ke shiga gaban sys.path, Python ya loda tunatarwa tukuna, sannan aika a matsayin ɗanta. Fayil ɗaya ne, amma inda ka tsaya da yadda ka kira shi su ke yanke abin da zai gani.

Matsalar pip ba ta ɗauke ni lokaci ba, don a lokacin na san inda zan duba. Na girka wani ƙunshi, shirin ya ce babu shi. Na buga sys.executable, na ga Python biyu ne a kwamfutar, pip na ɗaya ne, shirin yana gudana da ɗayan. Tun daga ranar python -m pip nake bugawa, kuma kowane aiki da venv ɗinsa, wato keɓaɓɓen muhallin Python mai site-packages nasa.

Abu ɗaya da har yanzu nake taka-tsantsan da shi: tun daga Python 3.3, folda marar __init__.py ma tana iya shigowa a matsayin ƙunshi. Wato idan ƙunshin gaskiya ba a girka shi ba, folda mai sunansa, ko da babu komai a ciki, za ta wuce import shiru, sai can gaba kuskure ya ɓullo a wani wuri dabam. Shi ya sa duk modul ɗin da ya fara yi mini baƙon hali, kafin in taɓa komai sai in buga __file__ ɗinsa in ga daga ina ya fito. A kan sabar da shirin ke gudana yanzu kuma na ƙara wa umarnin python zaɓin -P, wanda ya zo a Python 3.11, don kada foldar da ake tsaye ta shiga gaban jerin. Wannan ya tilasta mini girka tunatarwa da pip kamar kowane ƙunshi, kuma a site-packages Python ke samunsa kowace safiya.