Ƙamshin tuffa a ɗakin awo

Talata, bayan isha'i.

Yau ban buɗe shago ba sai bayan azahar, don ranar ganin likitan Umma ce. Duk bayan wata biyu nake kai ta layin masu hawan jini, kuma kullum kanwar ja ce: a karɓi kati, a zauna a benci, a yi ta jira har ƙafa ta sage. Da zaman ya ishe ni sai na ce mata bari in je in duba mota. Ba wata mota da na duba. Bayan katanga na laɓe, na zaro 'yar shishata mai caji, na yi zuƙa goma sha wani abu, na dawo ina tauna cingam kamar mutumin kirki.

Ina zama aka kira mu. Awon Umma ya yi kyau, alhamdulillahi. Muna shirin tashi sai ta ce, "Sista, don Allah gwada min wannan yaron, kwana biyu yana ta cewa kansa na sarawa." Ni ne ɗan fari, ba ta kama sunana, shekarata 31 amma har gobe "wannan yaron" nake. Na miƙa hannu ina dariya. Abu ya matse damtse, ya saki, ya nuna 149/95, bugun zuciya 104. Sista ta maimaita, bai sauka wani abin kirki ba.

"Malam, gudu ka yi?" Na ce a'a. "Goro? Taba?" Na ce ni ban taɓa sa sigari a bakina ba, kuma gaskiya na faɗa. Ta ɗan ja hanci, ta rubuta wani abu a takarda ta ce in shiga tare da Umma.

Likitan, Allah ya saka masa da alheri, sai da ya sallami Umma ta fita kafin ya juyo kaina. Na zayyane masa komai. Shekara shida ina kan tukunyar shisha a majalisarmu, bara na koma mai caji saboda ba gawayi, ba toka, ba tari da asuba. Ina faɗa har da ɗan alfahari, kamar wanda ya tuba.

Ya ce, "To ɗan'uwa, gawayi ka cire. Nikotin ɗin fa, wa ka bar wa?"

Daga nan ya ɗauki robar abin awon ya matse ta da yatsa biyu. Ya ce haka nikotin ke yi wa jijiyoyin jini: ya tsuke su, ya kuma zaburar da zuciya ta ƙara gudu, ga hanya ta ƙuntata ga famfo na ƙara wuta. A cikin kowace jijiya akwai wata siririyar shimfiɗa da ke sa ta buɗe idan jiki na neman ƙarin jini. Hayaƙi da tururin nan ita suke fara ci, a hankali jijiya ta sandare kamar tiyon da aka manta a rana. Na ce amma ai ita tukunya ruwa na tace hayaƙin. Ya yi murmushi ya ce ruwan sanyaya shi yake yi, shi ya sa ma muke iya cika ƙirji da shi ba tare da mun ƙware ba. Jirin nan kuwa da muke cewa "ta hau kai", da yawansa iskar gawayi ce, kabon monoksaid, wadda ke manne wa jini fiye da iskar da muke rayuwa da ita sau sama da 200.

Bai ce ina da hawan jini ba. Ya ce awo ɗaya ba ya yanke hukunci, balle na wanda ya gama zuƙa yanzu. In dawo bayan sati biyu, ban sha komai ba. Sai ya tambayi abin da ya yi ajalin Baba. Shanyewar ɓarin jiki, yana da shekara 58. Ya rubuta, bai ɗago ba.

A shago ciniki ya yi sanyi, sai na shiga waya ina neman abin da zan kare kaina da shi. Tun 2005 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a zama ɗaya na shisha mutum na iya shaƙar hayaƙin da ya kai na karan sigari 100 ko fiye. Mu kuwa daga magariba har sha ɗaya muke kaiwa, ana sauya gawayi. A 2018 masu bincike a jami'ar UCLA ta Amurka sun gwada matasa 48 masu ƙoshin lafiya: rabin awa kacal a kan tukunya, bugun zuciya ya ƙaru da 16 a minti, jini ya hau, jijiya ta yi tauri. Wannan duk na tukunya ne, na ce a raina, ni ai na wuce nan. Ashe sun biyo ni. Da suka cire gawayi suka dumama tabar da lantarki, ƙarfin buɗewar jijiya ya ragu kamar na mai shan sigari. Da suka gwada mai ruwan filebo irin ta zamani, ita ma jijiya ta sandare. Na kife wayar a kan kantar shago, don na rasa ta cewa.

Abin da ya fi tsaya min a rai ma a mota ya faru, muna dawowa. Mun tsaya a danja, Umma na kallon waje, ta ce, "Tuffar nan da kake ci a ɗaki kullum, ita ba ta ƙarewa ne?" Ban amsa ba, ita ma ba ta ƙara ba.

Ɗazu 'yan majalisa sun kira sau uku, wai an samo sabon filebo na kankana. Na ce kaina ke ciwo, kuma yau dai ba ƙarya na yi ba. 'Yar cajin tana nan kan tebur, fitilarta na ƙyafta ja. Cajar na cikin durowa, ban ɗauko ba tukuna.